Kafin Ka Kai Wayarka A Yi Mata Filashin: Yadda Ake Sasanta Waya Da Manhajar Da Ta Ƙi Aiki

Wata Asabar bayan sallar Asuba Umma ta aiko a taso ni. Na fito ina mutsittsike ido, na tarar da ita a kan darduma, tabarau a kan hanci, waya a hannu. Ta ce, "Zo ka duba min abar nan, tun jiya take koro ni waje." Manhajar karatun Alƙur'ani ce da ta kusa shekara huɗu tana amfani da ita. A ciki take sa alamar inda ta tsaya, a ciki ta sauke ƙira'ar da kunnenta ya saba da ita. Tana dannawa sai allo ya yi fari fat, ya ɗan tsaya kamar mai tunani, sai ya dawo da ita inda ta fito. Ƙanina, wanda a ganinsa shi ne injiniyan gidan, tun daga ɗaki ya yanke hukunci: "Yaya, a kai ta Farm Centre kawai a yi mata filashin."

Farm Centre kasuwar waya ce a nan Kano, filashin kuma shi ne a share babbar manhajar waya a sake ɗora ta. A garin nan filashin ya zama farasitamol, kowane ciwo shi ake ba waya. Ni kuwa na taɓa ɗanɗana kuɗata. Wani mai gyara ya taɓa share min hotunan bikin ƙanwata kaf, a kan matsalar da daga baya na gano ba ta wuce kwanan wata da ya karkace ba. Garin neman gira na rasa ido. Tun ranar na koyi cewa gyaran irin wannan matsala jeri gare shi: ka fara da abin da ba ya cin kuɗi kuma ba ya goge komai, sai ya gaza sannan ka matsa gaba. Jerin ne zan bi da kai a nan.

Amma fara sanin abin da ke haɗa su faɗa. Kowace manhaja 'yar haya ce a gidan babbar manhajar waya, wato Android ko iOS. Kusan duk shekara ana sake wa gidan fasali, ana canza ƙofofi da makullai. Masu manhaja kuma suna bin sabon fasalin, a hankali su daina waiwayar tsofaffin gidaje. Wani lokaci wayar ce ta tsufa manhajar ta wuce ta, wani lokaci manhajar ce masu ita suka yi watsi da ita wayar ta yi gaba. Sau da yawa kuma babu wanda ya tsufa, wani ɗan abu ne ya shiga tsakani har ya zama kamar jininsu bai haɗu ba.

Mataki na farko: karanta abin da wayar ta ce

Yawancinmu da zarar rubutun Turanci ya bayyana sai mu danna OK da sauri kamar mai korar ƙuda, alhali rabin maganin yana cikin rubutun. Ɗauki hoton allon, ko ka kwafe shi a takarda.

Idan a Play Store ka ga "Your device isn't compatible with this version", masu manhajar sun gindaya sharaɗin da wayarka ba ta cika ba: ko Android ɗinta ya tsufa, ko ƙwaƙwalwarta ta yi kaɗan, ko injinta ba irin wanda aka gina manhajar dominsa ba ne. Idan "This item isn't available in your country" ka gani, wayarka ba ta da laifi, maganar ƙasa ce. "App not installed" da "There was a problem parsing the package" suna fitowa ne idan kana ƙoƙarin ɗora manhajar da aka turo maka ko ka sauko da ita daga wani shafi. "Keeps stopping" na nufin ta hau amma tana faɗuwa. "This app was built for an older version of Android" kuwa, nan manhajar ce tsohuwar. Akwai kuma mai shiru, wadda take buɗewa lafiya ƙalau amma saƙo ba ya shigowa sai ka leƙa, ko kiran sallah ya daina tashi. Kowanne da ƙofar da za a bi masa.

Mataki na biyu: killace kayanka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka goge ko da abu ɗaya, tambayi kanka: in manhajar nan ta tafi da duk abin da ke cikinta, me zan rasa? A WhatsApp shiga Settings, sai Chats, sai Chat backup, ka danna Back up ka jira ya kammala. Tun 2024 wannan ajiyar tana cin wuri a cikin gigabait 15 da Google ke ba kowane asusu kyauta, don haka in ta ƙi tafiya duba ko asusun ne ya cika da hotuna da bidiyo. Sauran manhajoji duba ko suna da wurin shiga da imel ko lambar waya. In suna da shi kuma ka taɓa shiga, yawanci bayananka suna can a ajiye. In babu, to abin da ke ciki a wayar kaɗai yake zaune, ka taka a hankali.

Sannan ga abin da ya fi kayar da mutanenmu. Da yawa mai shagon da ya sayar musu da waya ne ya buɗe musu Gmail, ya rubuta kalmar sirri a bayan kwali, kwalin kuma yara sun yi mota da shi. Ka tabbatar ka san adireshin da kalmar sirrin tun yanzu, domin wayar da aka mayar sabuwa takan tsaya cak ta nemi asusun Google ɗin da ke kanta a da, in babu shi ta ƙi buɗewa. Ka kuma tabbatar layin da ka yi rajistar manhajar da shi yana hannunka yana aiki, don ta nan lambobi shida na tantancewa za su shigo.

Mataki na uku: abubuwan da ake rainawa

Kashe wayar gaba ɗaya ka kunna. Akwai wayar da ta fi wata biyu ba ta huta ba sai in caji ya ƙare.

Duba kwanan wata da agogo. Wannan shi ne wanda ya ci ni. Tsofaffin wayoyi masu cire batir, da waɗanda suka kwana biyu a mace saboda rashin wuta, sukan farka da kwanan watan shekarun baya. Manhajar da ke magana da intanet tana duba takardar shaidar tsaro ta ɗaya ɓangaren, takardar kuma tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, don haka in agogonka ya kauce sai ta ga kamar takardar jabu ce ta ƙi ci gaba. A Date and time ka kunna saitin da ke ɗauko lokaci daga netwok da kansa, ka kuma ga cewa yankin lokacin na Afirka ta Yamma ne, GMT+1.

Duba wurin ajiya. Waya mai gigabait 16 ko 32 ba ta daɗewa take cika da bidiyon guruf-guruf na 'yan uwa da na makaranta da na unguwa. Manhaja tana buƙatar wuri fiye da girman da aka rubuta mata, saboda sai an sauke ta, an kwance ta, sannan a girka. Ka yi ƙoƙarin samar da sarari kamar gigabait ɗaya ko biyu. In kuma a katin memori ka mayar da manhajar, dawo da ita cikin wayar, domin katin jabu ya yi yawa a kasuwa, kuma katin da ya fara lalacewa manhajojin da ke kansa yake fara kayarwa.

Sai VPN, manhajar da ke bi da intanet ɗinka ta wata ƙasa. Lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 mutane da yawa sun ɗora shi, wasu kuma don neman data mai araha. In yana kunne, manhajar za ta ga kamar kana Jamus ko Amurka alhali kana zaune a Gyaɗi-Gyaɗi. Kashe shi ka sake gwadawa.

Mataki na huɗu: san shekarun wayarka

Shiga Settings ka nemi About phone. A wasu wayoyin Tecno da Infinix My Phone ake kiransa, a Samsung kuma sai ka ƙara shiga Software information. Nemi layin Android version ka riƙe lambar. Don ka gane inda kake: Android 5 na 2014 ne, Android 8 na 2017, Android 10 na 2019, Android 13 na 2022, Android 14 na 2023. Sai ka koma Play Store, ka buɗe shafin manhajar, ka shiga About this app, ka gangara ƙasa za ka ga mafi ƙarancin Android da take karɓa. In lambarka ta kai, matsalar mai gyaruwa ce, ci gaba da bin jerin. In ba ta kai ba, duba System update ko akwai sabon Android da ke jiranka. In akwai, ka sa caji ya haura rabi, ka sami data mai yawa, ka bar shi ya gama ba tare da ka taɓa ba. In babu, tsallaka zuwa mataki na tara.

Misali kowa ya sani shi ne WhatsApp, wanda tun Oktoban 2023 ya daina aiki a wayar da Android ɗinta bai kai 5.0 ba. Duk mai gyaran da ya ce zai dawo maka da shi a kan irin wannan wayar, kuɗinka kawai zai ci.

Mataki na biyar: sabuntawa, har da waɗanda ba a gani

A nan na fi so ka nutsu, don a nan aka fi samun waraka. Play Store ta saba sabunta manhajoji da kanta ne idan waya ta hau Wi-Fi. To gida nawa ne a Kano ke da Wi-Fi? Yawancinmu datar layi muke ja, wannan ya sa wayar mutum takan yi shekara biyu babu abin da ya sabunta a cikinta, sai wanda ya matsa masa lamba ya danna da hannu. Daga nan ake samun sabuwar manhaja tana zaune a kan tsofaffin ginshiƙai.

Ginshiƙan nan uku ne. Akwai Play Store ɗin kanta: danna hotonka a sama, Settings, About, sannan Update Play Store. Akwai Google Play services, wadda manhajoji da yawa ke jingina da ita wajen shigo da saƙo da gane wuri da shiga asusu. Sai Android System WebView, wadda ba ta da tambari a allo, amma ita ce ke nuna duk wani shafin intanet da ke buɗewa a cikin wata manhaja. Rubuta sunanta a wurin bincike na Play Store, in ka ga Update ka danna, ka haɗa da Chrome. Don ka san nauyinta, a watan Maris na 2021 wani kuskure a cikinta ya sa Gmail da tarin manhajoji suka riƙa faɗuwa a wayoyin duniya a rana ɗaya, maganin kuma bai wuce sabunta ta ba.

Ciwon wayar Umma ke nan. Ƙanin nawa ya sabunta mata manhajar karatun da daddare, sabuwar sigar kuma tana buɗewa da wani shafin maraba da ke bi ta WebView, wadda rabonta da sabuntawa har na kasa ƙirgawa. Minti huɗu ya ɗauke ni. Manhajar ta buɗe, alamarta tana nan a tsakiyar Suratu Maryam inda ta bar ta. Ta karɓi wayar ta ce, "Allah ya yi maka albarka," sannan ta ɗaga murya yadda na cikin ɗaki zai ji: "Da na biye wa wancan da yanzu an wanke min ita tas."

Don kada a maimaita, shiga Settings na Play Store, Network preferences, Auto-update apps. In datarka za ta iya, zaɓi kowane netwok. In ba za ta iya ba, ware dare ɗaya a wata ka sayi datar dare ka sabunta komai da hannu. Wani abu kuma: in ka taɓa shiga sahun masu gwajin manhaja, wanda ake rubuta beta, sigar da ba ta gama nuna ba ake turo maka. Gangara ƙasan shafinta ka fita daga sahun.

Mataki na shida: shara, amma ka san wace tsintsiya ka ɗauka

Settings, Apps, zaɓi manhajar, danna Force stop, sannan ka shiga Storage. Maɓallai biyu za ka gani kusa da juna, kuma bambancinsu kamar na share tsakar gida ne da kwashe kayan ɗaki. Clear cache tarkacen wucin gadi kawai yake kwashewa, ba ya taɓa komai naka, ka danna shi hankali kwance. Clear data, ko Clear storage, yana mayar da manhajar kamar yau aka ɗora ta: asusunka ya fita, saitinka ya tafi, abin da ba a ajiye a wani wuri ba ya tafi ke nan. Kada ka taɓa shi sai ka gama mataki na biyu.

Idan Play Store ce ke cewa wayarka ba ta dace ba alhali lambar Android ɗinka ta kai, yi wa Play Store ɗin kanta wannan sharar, har da Clear data, don ita ba za ka rasa manhajojinka ba, saitinta kawai zai koma kamar sabo. Wani lokaci tsohon bayani ne ya maƙale mata. In duk wannan bai yi ba, sai ka cire manhajar ka sake sauko da ita sabuwa.

Mataki na bakwai: izini da batir

Wannan na masu manhajar da ke buɗewa amma ta daina wani aikin ne, kuma ya fi faruwa bayan an sayi sabuwar waya. Tun Android 6 manhaja sai ta nemi izini kafin ta taɓa kyamara ko makirfo ko lambobin mutane. Daga Android 11 waya tana janye izinin manhajar da aka daɗe ba a buɗe ba. Daga Android 13 ko nuna sanarwa ma sai an ba ta izini, wanda ya danna "Don't allow" cikin gaggawa a ranar farko shi ne zai zo yana cewa saƙo ba ya shigowa. Shiga shafin manhajar a Apps, buɗe Permissions da Notifications, ka ba ta abin da aikinta ke buƙata. Abin da aikinta ke buƙata na ce. Tocila ba ta da haɗi da lambobin wayarka.

Masu manhajar lokutan sallah, ku nemi wani izini na daban mai suna Alarms and reminders a ƙarƙashin Special app access. In ba shi, kiran Asuba zai iya makara ko ya ƙi tashi sam.

Sai kuma mai gadin batir. Wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda su suka fi yawa a hannun jama'a a nan, suna zuwa da Phone Master, wadda ke kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage don caji ya daɗe. Da irin wutar da muke samu ba za a ce ta yi laifi ba, sai dai ba ta san wadda ka fi so ba. Shiga wurin Auto-start ka kunna wa manhajarka, sannan a saitin batir ka cire ta daga cikin waɗanda ake takura wa. Redmi da Samsung ma suna da irin nasu da wasu sunaye. Ka kuma tuna ko akwai wata manhajar da ka ɗora dab da fara matsalar, musamman masu alƙawarin sanyaya waya ko ƙara mata gudu ko kulle manhajoji da lamba. Cire ta ka gani.

Mataki na takwas: "turo min ta Xender"

Al'adarmu ce, kuma tana da dalili, data tsada gare ta. Amma zamanin da manhaja take fayil ɗaya mai hawa kowace waya ya wuce. Tun Agustan 2021 Google ta wajabta wa sababbin manhajoji wani tsari da ke sa Play Store ta yanka wa kowace waya nata daidai jikinta, gwargwadon injinta da allonta da harshenta, kamar tela da ya auna mutum. Abin da ke wayar abokinka ɗinkinsa ne. In ya turo maka, ko dai wani ɓangare ya ɓace a hanya, ko ya zo cikakke amma ba awonka ba.

Babban bambancin yana wajen inji. Akwai masu tsarin 64-bit, akwai masu 32-bit, kuma ƙananan wayoyi masu araha da yawa, musamman masu Android Go, a kan 32 suke tafiya ko da sababbi ne fil. Manhajar da aka yanka wa 64 ba za ta taɓa hawa kansu ba. Ta ɗaya gefen kuma, wasu manyan wayoyi, farawa da Pixel 7 a 2022, sun daina karɓar tsofaffin manhajojin 32. Haka nan Android 14 yana ƙin ɗora manhajar da aka gina ta don abin da ya gabaci Android 6. Manhaja irin AIDA64 za ta nuna maka naka: arm64-v8a shi ne 64, armeabi-v7a shi ne 32.

In kuma saƙon ya ambaci "package conflicts", akwai wata kwafin manhajar a wayar da sa hannunta ya bambanta da na sabuwar, wataƙila a ɓoye a wurin tagwaita manhaja ko a wani asusun mai amfani. Sai an cire waccan. Su GB WhatsApp da danginsa kuwa ba matsalar jituwa ba ce, kamfanin ne da kansa ke toshe masu amfani da su, kuma yana iya rufe lambar. Koma na asali tun lambar da kwastomominka suka sani tana hannunka.

Manhajar banki: ita dokarta daban

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 tiransifa ta zama ruwan dare, har mai shayi da ɗan sahu. Kawuna ɗan Kantin Kwari ne. Wata rana ya kira ni rai a ɓace, ga baƙo daga Maraɗi ya ɗaure kaya yana jira a tabbatar kuɗi sun shiga, manhajar banki kuma tana buɗewa ta rufe. Na je na tarar ɗansa ne ya kunna Developer options, wani ɓoyayyen saiti na masu ƙera manhaja, don wai wasan ƙwallonsa ya ƙara gudu. Ana kunna shi ne ta hanyar danna Build number sau bakwai, yara duk sun sani. Manhajojin kuɗi da yawa in suka gan shi a kunne sai su ƙi aiki, don ƙofa ce da ɓarawo zai iya bi. Na shiga System na kashe shi, ta buɗe nan take. Kawu ya dubi yaron ya ce, "Kai da wayar nan sai dai kallo."

Haka suke gudun wayar da aka yi wa rutin, wato aka ɓalle makullan tsaron Android ɗinta, da wadda aka ɗora wa Android ɗin da ba na kamfaninta ba, abin da filashin na gefen titi kan jawo. Don ka tabbatar, shiga Play Store, Settings, About, ka duba ƙasa ko an rubuta "Device is certified". Wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019 kuwa ba sa zuwa da kayan Google sam, nasu shagon AppGallery ne, manhajar da ta dogara da Google kuma ba lallai ta yi aiki a kansu ba. Doka ɗaya ba ta da sassauci: manhajar kuɗi daga Play Store ko App Store kaɗai ake sauke ta. Ba ta Xender ba, ba ta mahaɗin da aka turo a guruf ba, ba kuma a hannun mai shago ba. In ta ƙi, yi amfani da lambar USSD ta bankinka kafin ka warware.

Mataki na tara: idan wayar ce ta tsufa da gaske

Da sauran dabara. Nemi ƙaramar sigar manhajar, irin Facebook Lite da TikTok Lite, waɗanda aka yi don wayoyi masu ƙaramin ƙarfi. Ba kowace ke da ita ba, wasu ma an rufe su, kamar YouTube Go a 2022 da Messenger Lite a 2023. In babu, buɗe shafin manhajar a Chrome, danna ɗigo uku na sama, zaɓi Add to Home screen. Tambari zai zauna a allonka kamar manhaja, kuma ga jaridu da rediyo da shafukan karatu wannan ya wadatar.

Akwai kuma komawa tsohuwar siga daga shafi irin APKMirror. Ina faɗar wannan da ɗari-ɗari. Sai ka cire ta yanzu kafin tsohuwar ta hau, ma'ana bayananka na iya tafiya. Sai ka zaɓi wadda ta dace da injinka da lambar Android ɗinka. Yana amfani ga manhajar da ba ta dogara da intanet ba, kamar ƙamus ko littafi ko kalkuleta. Wadda ke magana da kamfaninta kullum kuwa, ko ta hau, ba za a daɗe ba za ta ce sai ka sabunta. Bayan ka gama ka koma ka kashe izinin Install unknown apps da ka ba Chrome.

Masu iPhone, naku gajere ne. Settings, General, Software Update. Kowace tana da inda ta tsaya: iPhone 6 a iOS 12, 6s da 7 a iOS 15, 8 da X a iOS 16. A 2025 WhatsApp ya koma neman iOS 15.1, abin da ya fitar da 5s da 6 da 6 Plus daga layi. In manhaja na faɗuwa, shiga iPhone Storage ka zaɓi Offload App sannan ka sake ɗora ta. Wannan yana cire manhajar ya bar bayananta. In kuma ka taɓa sauke ta a baya da asusunka, App Store kan yi maka tayin siga ta ƙarshe da ta dace da wayarka. In ƙasar asusun ce ba Najeriya ba, kamar yadda ake yawan samu a wayoyin da aka saya na hannu waɗanda mai shago ya saita, buɗe naka asusun.

Idan tafiya kasuwa ta zama dole

In ka bi duk wannan bai yi ba, to yanzu Farm Centre ko Beirut Road ta halatta. Akwai ƙwararru na gaske a can, akwai kuma yaran da ke tare ka tun daga bakin titi. Je da hoton saƙon da ka ɗauka, ka faɗa wa mai gyaran abin da ka riga ka gwada. Cire layinka da katin memori, fita daga manhajojin kuɗi, kuma ka ce masa ƙarara kada ya goge komai sai ya tambaye ka. In ya ambaci filashin kafin ya karanta saƙon, karɓi wayarka ka matsa shago na gaba.

In kuma sauya wayar za ka yi, kada girman allo da yawan idon kyamara su ɗauke maka hankali. Tambayi lambar Android, kuma ka duba da idonka a About phone, kada ka tsaya ga abin da ke jikin kwali. Tambayi shekara nawa kamfanin ya yi alƙawarin turo sabuntawa: Samsung ta yi wa Galaxy S24 alƙawarin shekara bakwai, amma masu araha da yawa da Android ɗin da suka zo da shi suke tsufa. Ta hannu ce ko sabuwa, kafin ka ƙirga kuɗi ko ka tura, kunna datarka a nan cikin shagon, shiga Play Store, ka nemo manhajar nan da ta kawo ka kasuwa, ka ɗora ta, ka buɗe ta a gaban mai shagon. In ya ce ana sauri akwai masu jira, ka ce masa kai ma jiran kake ta buɗe.